Tatana Mafemani da Duwatsun Gindin Kanyarmu

Tun rana ba ta yi ƙarfi ba za ka ji kukan tayar baronsa. Tayar ta daɗe tana roƙon mai, shi kuwa ya ce ɗan man da yake da shi na sarƙar keke ne. Daga gidansa, can ƙarshen layi inda gidajen Ka-Hlomani suka ƙare ƙaya ta fara, yakan turo baron da jarkoki zuwa rijiyar burtsatse, ya tsaya a bayan mata, bai taɓa tsallake bokitin kowa ba. Ruwan ba na wanka ba ne. Na ƙananan itatuwan da yake reno ne a bayan ɗakinsa, cikin kwalayen madara da gorunan lemo da aka yanke wa wuya: kanya, danya, ɓaure, tsamiya, kuka. In ya gama shayar da su ya kurɓi shayinsa a tsaye, ya ɗaure igiyar awo da doguwar sandarsa a jikin keke, ya nufi duk inda aka ce masa an ga babban itace. Ranar Laraba kuwa ta 'yan firamare ce. Haka Tatana Mafemani Makwakwa, wato Baba Mafemani, yake yi tun gashin kansa na baƙi.

Har yau tayar tana kuka. Abin da ya sauya shi ne matan bakin rijiya, in sun jiyo ta sai su ja bokitansu gefe su kama bakin 'ya'yansu. Ba mai gaishe shi. A taron kwamitinsu na kula da itatuwa, watan jiya, ya miƙe ya ce ya gaji, ya ajiye aiki, ba wanda ya ce masa ko sannu. A garin nan yanzu maye ake ce masa. Ni kuwa na yi shekarun da na ga abin da wannan kalma ke yi wa rufin ɗakin mutum da wanda ke cikin ɗakin. Shi ya sa na buɗe baki.

Ni ce N'wa-Risenga ta gidan Maluleke, mai sayar da tumatir a bakin tasha. Ban taɓa zaman aji ba. Matar fasto ce ke riƙe mini biro, na kuma gaya mata kada ta wanke mini magana, ta rubuta ta da dattinta.

Mafemani ba haihuwar nan ba ne, kuma ba ya ɓoyewa. Lokacin yaƙin Mozambik ya ratso dajin namun daji a ƙafa, shi da matarsa N'wa-Hasani, harshenmu ɗaya, danginmu ma in an tona ɗaya. Ya yi shekaru a gonakin katako na Tzaneen yana kayar da itatuwa da injin yanka, har injin ya karɓi yatsunsa biyu na hannun dama. Da ƙarfi ya ƙare aka sallame shi, sai ya shiga kwamitin sa-kai na kula da itatuwa na gundumarmu. Kwamitin ba wani abu ba ne, tsofaffin malamai ne da wata ma'aikaciyar asibiti da mai walda. Ba albashi, ba mota. Aikinsu su nemo manyan itatuwa, su auna tsayi da kauri da faɗin inuwa, su aika can babban birni. In aka yarda itace ya zama zakara a cikin irinsa, doka ta lulluɓe shi, ko reshe ka sare sai ka ga alƙali. Sauran aikin kuwa koyar da yara ne da iyayensu masu taurin kai.

Ni ma ina cikin masu yi masa dariya a lokacin. In ya biyo ta tasha, ƙura har gira, sai in ce, "Tatana, yau me aka ba ka a wannan yawon?"

"An ba ni hula, Mhani, uwarmu."

"To je ka dafa wa matarka hular."

"Ta ce sai kin ƙara mata tumatir."

Ba ya fushi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Amma ku da kuke ja da baya yau, ku tuna abin da idanunku suka gani. Wa ya je wurin masu saran ɓawon itace don magani? Da wani ne, da ya kira musu 'yan sanda. Shi zama ya yi da su a ƙasa, ya nuna musu a fere gefe ɗaya a tsaye, kada a zagaye gindin, a shafe ciwon da laka. Itatuwan bakin kogin Ritavi da suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga su nan tsaye. Wa ya hana matan ƙungiyar jana'iza sare danyar bakin coci ranar da itacen girki ya ƙare? Bai yi musu wa'azi ba, ya tafi ya kwance shingen gidansa ya kawo musu, awakin maƙwabta suka yi mako suna biki a gonarsa. Ranar Laraba kuma, wa ke kwasar 'yan aji zuwa gindin kukar bayan makaranta, ya sa su riƙe hannun juna su zagaye ta, suna ihu don hannuwan sun ƙi haɗuwa? Kowane yaro ya kai aji huɗu sai ya ba shi dashe ɗaya ya kai gida, ya ce ya raɗa masa suna. Jikata ta sa wa nata sunana, wai don yana da ƙaya. Rabin inuwar da kuke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidajenku daga kwalin madarar mutumin nan ta fito.

Yanzu ga maganar kanya, a ji ta daga bakina, don ni ce a wurin.

Kafin gwamnatin da ta shuɗe ta kwashe mu ta jera mu a layi kamar kaji, gidan Maluleke yana can gangare, gindin wata kanya. Mutanenmu na kwance a wurin, ba siminti ba rubutu, kanyar ce shaidarsu. Uwata na can. 'Yata ta fari, wadda ba ta kai ga yin haƙori ba, tana can. Muna da al'ada a gidanmu: duk wanda ya tafi nesa neman abinci, in ya dawo sai ya ɗauki dutse ya ajiye a jikin gindin, ya gaya wa na kwance ya dawo. Dutsen nan shi ke riƙe masa hanyar gida in ya sake tafiya. Ba a ɗauke shi, ba a taka shi. Tun kakanninmu na zuwa ramukan zinariya ake ajiyewa, har tulin ya kai wuyan babban mutum, ya rungume gindin ta kowane gefe. Ni ce hahani, gwaggon gida, wadda ke magana da na kwance a madadin kowa. Ba a taɓa wurin sai da bakina.

Shekarun baya Mafemani ya nemi izni ya auna kanyar, na ba shi, na ce kada ƙafarsa ta taɓa dutse. Ya kawo tsani ya auna. Amsa ta dawo cewa akwai wata kanya a wata gunduma da ta fi ta kauri. Muka ce to, ba ma neman sarauta.

Sai bara masu titi suka zo. Wani kamfani ne aka ba kwangilar faɗaɗa hanyar gangare. Muka wayi gari an kafa turaku, an shafa wa kanyarmu jan fenti. Muka je wurin mai unguwa, ya ce ya rubuta. Muka je ofishin kamfanin, suka ce a taswirarsu ba maƙabarta a wurin, tulin duwatsu ne kawai, in muna da takardar kabari mu kawo. Takardar kabari! Uwata ko takardar haihuwa ba ta da ita.

A makon ne Mafemani ya zo ƙofar gidana, ya tuɓe hula.

"Hahani, na zo da magana mai wari."

"Ajiye ta a waje ka shigo kai kaɗai."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ce ƙa'idar awo ita ce a zagaya igiya daidai ƙirjin mutum in yana tsaye a ƙasa. A kanyarmu, daidai ƙirji yana cikin duwatsu. Shi ya sa ya hau tsani ya auna sama da tulin, inda gindin ya riga ya tsuke zai rabu rassa. Ya ce in idonsa bai yi masa ƙarya ba, abin da ke cikin duwatsun ya fi na waccan gundumar, kuma in ta zama zakara titi ne zai kauce mata.

"Me ya hana ka faɗa tun lokacin?"

"Da na faɗa, da kin yi mini abin da za ki yi mini yanzu."

Ya kuwa san ni. Ruwan wanke-wanke na hannuna, na watsa masa a gaban takalmi. Na ce, "Kai da ka bar kaburburan iyayenka a bayan wayar kan iyaka, kai za ka koya mini yadda ake riƙe nawa?" Ya sa hularsa ya tafi. Washegari ya dawo. Ya ce ba ya roƙon komai, in zo kawai in sansana wani abu.

Na bi shi don in ƙarasa zaginsa a can. Ya durƙusa, ya tafa hannu a hankali kamar yadda ake yi wa manya, ya zura hannun nan mai yatsu uku ta wata kafa tsakanin duwatsu har kafaɗa, bai motsa ko ɗaya ba. Ya zaro hannu cike da baƙin ɓawo, jiƙe, yana marmashewa, gara na yawo a ciki. Ya miƙo mini. Warin rumbun da ruwa ya shiga.

"Duwatsun na riƙe ruwa a jikinta, Hahani. Ba ta shan iska. Ko mai titi bai zo ba, ku za ku kashe ta. Da ƙauna za ku kashe ta."

Na tsaya ina kallon abin a tafin hannuna. Shekara da shekaru muna zuwa muna gaishe ta da dutse, ashe wuyanta muke shaƙewa.

Na tara gida. Aka yi ta hayaniya. Ɗan wana Risimati, wanda ke Joni, birnin ma'adinai, aka kira shi a waya aka ɗora ta a tsakiyar tabarma.

"Hahani, in aka taɓa dutsena, gawata za ku gani!"

"Dutsenka wanne? Yaushe rabonka da gida, har ka san inda ya faɗa?"

"Ɗan Mozambik ɗin nan ne ke juya ki."

"Ubanka ma bai juya ni ba, kuma shi ya goye ni. In katafila ta zo ta kwashe dutsenka da ƙasusuwan kakarka ta cike rami da su, a lokacin ta wace hanya za ka dawo?"

Ya kashe waya. Sauran suka zuba mini ido, kowa na so wani ya ɗauki nauyin. Na ɗauka.

Da safe muka sauka gangare, mata da tsofaffi, don samarin gidanmu duk suna birni. Na barbaɗa garin taba a ƙasa, na zuba giya, na kira sunayensu. Na ce, "Ku da ke kwance, ku saurara, ba na maimaitawa. Ba korar ku muka zo yi ba. Kayan 'ya'yanku za mu matsar, kamar yadda ake jan tabarma in rana ta cim mata. Wanda bai yarda ba a cikinku ya zo mini, ya san ɗakina." Sannan na sa hannu biyu na ɗauki dutsen farko.

A rubuta wannan da kyau: Mafemani bai taɓa dutse ko ɗaya ba. Ya ce shi ba ɗan gida ba ne, bai dace ba. Yana can gefe, hula a hannu. Abin da ya yi shi ne ya zana mana layi da sandarsa a inda inuwar ke ƙarewa da tsakar rana, ya ce har nan saiwoyinta suke, a jera duwatsun a nan su zama shinge. A ka muka ɗauke su, ɗaya bayan ɗaya, ba baro. Kunamu suka yi ta fita. Bayanmu ya yi ta ƙara. Da gindin ya fito fili, mu da muka girma a ƙarƙashinta ba mu gane ta ba. Ya fara zagayawa da igiyarsa, igiyar ta ƙare bai dawo inda ya fara ba. Ya tsaya yana kallona kamar yaron da ya ɓatar da aika. Na kwance ɗankwalina na jefa masa, na ce, "Ƙulla, malamin awo." Matan nan suka yi dariya har da zama a ƙasa. Daga baya wata jami'a ta zo da doguwar igiya ta sake aunawa, ta ce haka ne, a jira zaman masu yanke hukunci a babban birni.

Kamfani bai jira ba. Wata Asabar da duk gari ya tafi jana'iza ƙauyen gaba, suka kawo injin haƙa, wai magudanar ruwa za su yi. Suka ture shingen duwatsun ta gabas suka fara rami. Mafemani ciwon gwiwa ne ya hana shi zuwa jana'izar. Ya jiyo ƙarar, ya ɗingiso. Kafin ya iso sun datse saiwoyi masu kaurin cinya. Bai yi ihu ba, ya zame cikin ramin ya zauna a gaban bakin injin. Masu kiwon shanun mai unguwa sun gani, Malama Mabunda ta kwamitinsu ta iso ta tarar, ku tambaye su.

Shugaban leburorin ya leƙo. "Tsoho, fito kafin in haɗa da kai in rufe."

"Ai wurin rufewa ne, ɗana. Sai dai ka nemi iznin hahani tukuna, ni baƙo ne a nan."

"Baƙo kuwa. Ina takardarka ta zaman ƙasa?"

"Tana gida, ta girme ka. In ka je ka gaishe ta."

Har direban injin sai da ya yi dariya, ya kashe inji ya ce shi ba a biya shi ya kashe kakan wani ba. Mutumin nan ya wuni a ramin, rana na dukan tsakar kansa, ba ruwa sai wanda Malama Mabunda ta miƙa masa. Da muka dawo da yamma sai da maza biyu suka ciro shi, ƙafafun sun ƙi miƙewa. Tun ranar bai ƙara hawa keke yadda ya saba ba.

Da ruwan farko amsa ta zo. Kanyarmu ta zama zakara. Aka kafa allo, titi ya lanƙwasa ya bi ta bayan tudu, ga shi nan kuna bi kullum. Uwata na kwance inda take. Amma rassan gabas, gefen da aka datse saiwoyin, ba su fitar da ganye ba. Suka bushe suka yi fari.

Sai Risimati ya mutu a Joni.

Ɗan wana ne, ni na yi masa wanka ranar da aka haife shi, na fi ku jin zafin. Amma gaskiya ba ta mutu tare da shi ba. Ciwon suga ne. Ya yi shekaru da shi, likita na hana shi, yana shan lemo kamar an ɗauke shi aikin sha. Matarsa ta sani, ita ke yi masa allura. Duk da haka ita da ƙannensa suka hau mota suka tafi wurin wani boka mai nisa, wanda bai taɓa ganin kanyar ba. Ya watsa ƙasusuwansa na duba ya ce wani daga mafitar rana ne ya buɗe hanyar mutuwa. Suka dawo suka tsaya a gindin kanya suka ɗaga kai. Wane gefe ne ya bushe? Gabas. Ina Mozambik take? Gabas. Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Ramin da injin ya haƙa yana nan a gaban ƙafafunsu, rabinsa ko cikewa ba a yi ba, ba wanda ya sunkuyar da kai ya dube shi. Kamfani na da lauyoyi. Ni ina da 'ya'ya maza da baki. Shi kuwa tsoho ne mai yatsu uku a ƙarshen layi, ba ɗa, ba ƙane.

Iyaye suka hana yara fita ranar Laraba. Shugaban makaranta ya kira shi ya ce ya ɗan huta tukuna. Wasu suka bi gidajensu suka tumɓuke dashen da ya ba 'ya'yansu, na gani a juji, da saiwa da komai. N'wa-Hasani na soya fanke a ƙofar makaranta tun kafin a haifi wasu malaman, yanzu da kwanonta cike take komawa. An sami duwatsu a kan kwanon ɗakinsu. 'Yan kwamiti, masu ilimi, suka ce abin na al'ada ne, ba huruminsu ba. Malama Mabunda kaɗai ke leƙa shi, ita ma ta bayan gida.

Na faɗa a wurin makoki cewa ni na ɗauki dutsen. Na faɗa a zauren mai unguwa. Ƙanen Risimati ya ce, "Hahani, zauna, ya riga ya shanye ki." Mai unguwa ya ce a bar maganar ta huce. Ta huce! Tun ina budurwa na ga yadda irin wannan magana ke hucewa, toka muka tarar da safe, da tukunyar tsohuwar a tsakiya. Na gaji. Na gaji da zaman zaure, na gaji da maza masu gyaɗa kai, na gaji da maimaita abu ɗaya ga mutanen da suka ji tun farko. Shi ya sa na ce a kai ta jarida, ko takarda za ta fi ku kunne.

Mafemani, da kai nake yanzu. Kai ne wanda ya ci abinci da kayar da itace, ya dawo yana biyan daji da gwiwoyinsa. Kai ne ka san maganar za ta jawo maka zagi, ka zo ka faɗe ta, ka dawo washegari. Kai ne ka girmama matattunmu fiye da jikokinsu, ka ƙi taɓa dutsen da ba naka ba, ka shiga ramin da ba naka ba. Baƙo mai tsaron gidan da ba a ba shi ɗaki ba. Na zage ka da kaburburan iyayenka, ka tsare na iyayena. Ba ka taɓa cewa a gode maka ba, mu kuma ba mu gode maka ba.

Ga abin da nake nema, ba roƙo nake ba. Mai unguwa ya kira gari a gindin kanya, da rana, a kawo mutumin kamfani ya tsaya a bakin raminsa ya faɗa da bakinsa abin da ya datse, sannan su cike shi da ƙasa mai kyau. 'Ya'yan gidan Maluleke su tashi a gaban kowa su janye kalmar da suka jefa. Shugaban makaranta ya taka da ƙafarsa har ƙarshen layi ya ba da haƙuri. 'Yan kwamiti kuma, in itace kuke tsarewa ba ku iya tsare mutumin da ke auna muku shi ba, ku cire hulunan. Ku samari masu zaman tasha kuna kallon waya, mutumin nan yana ɗauke da sanin kowane babban itace daga nan har kogi, kuma gwiwarsa ta ƙare. Ku je ku zauna ku koya tun yana da bakin faɗa.

Jiya da tsakar rana na rufe tumatirina da buhu, na bi babban layi, ban bi ta lungu ba. Na je ƙofar gidansa na tsaya a waje na ƙwala wa matarsa kira.

"N'wa-Hasani! Me kika dafa?"

Ta leƙo a tsorace. "Tuwo ne da miyar ganye, Hahani. Shigo."

"Ba na shiga. Fito da tabarma nan bakin hanya. Kuma kwanon mijinki nake so, wanda ya fara ci."

Mafemani ya fito yana dafa bango. Ya dubi labulen maƙwabta da ke motsi, ya rage murya. "Hahani, za ki ja wa kanki."

"Zauna, Tatana, kana tare mini iska."

Ya zauna. Na wanke hannu, na sa a kwanonsa, muka ci tare. Na sha ruwan randarsa da kofinsa. Matar Risimati ta zo wucewa da itace a ka, ta tsaya cak. Na ɗaga lomar sama yadda za ta gani da kyau, na kai baki, na ce, "'Yata, in na mutu kafin gobe kin yi gaskiya. In na kwana, ki zo ki gaishe da mutumin nan." Ta wuce. N'wa-Hasani na tsaye tana share ido da bakin zane. Na ce mata kuka ba ya cikin abin da na nema, ta ƙaro miya, kuma gishirinta ya yi kaɗan.

Na kwana. Ga ni, bakina bai karkace ba.

Na gode, Mafemani. A madadin uwata da 'yata da duk na kwance a gangare, waɗanda ba a kwashe su an cike rami da su ba, na gode. Allah ya sassauta maka gwiwa. Ku kuma mutanen Ka-Hlomani, ku yi koyi da shi in za ku iya. In abin ya fi ƙarfinku, ku fara da ƙarami. Gobe ma da tsakar rana a can zan ci, jibi ma haka, har sai mai unguwa ya kira taron. Tabarmar na da faɗi. Wanda kunya ba ta gama kashe shi ba ya wanke hannu ya zo.